Fitilar tsohon babur ta mutu ana cikin tafiyar dare: me zan yi, kuma daga ina zan fara bincike?

Tambaya: Ina da tsohon babur na shekarun 1960 mai batir bolt 6, wanda nake lallaɓawa saboda ƙaunar da nake masa. Kwanan baya ina tafe da dare sai fitilar gaba ta ɗauke gaba ɗaya, da ƙyar na samu na tsaya lafiya. Na sa sabon ƙwai, bai yi kwana nawa ba shi ma ya mutu. Me ya kamata mutum ya yi a daidai lokacin da hakan ta faru, kuma ta yaya zan gano ainihin abin da ke kashe fitilar?

Amsa: Barka da arziki, ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Tambayarka kashi biyu ce, kuma zan fara da wanda ya shafi rai kafin wanda ya shafi waya.

Babur da ke gudun kilomita 80 a awa yana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Ido kuwa, da zarar haske ya ɗauke masa, yana buƙatar mintuna kafin ya fara rarrabe abubuwa, cikakken sabo da duhu ma sai an kai minti 20 zuwa 30. Ke nan a daƙiƙoƙin farko kana tafiya ne da hoton ƙarshe da idonka ya ɗauka kafin fitilar ta mutu. Riƙe wannan hoton. Idan hanya miƙaƙƙiya ce, ci gaba a miƙe. Idan kana cikin kwana, kada ka ɗago babur ɗin farat ɗaya, bar shi a kwancen da yake kana rage gudu. Saki totur a hankali, ka taka birkin baya, ka haɗa da na gaba sannu sannu. Abin da ya fi kayar da mutane a irin wannan hali shi ne damƙar birkin gaba cikin firgici, ga shi ba ka ganin ko yashi ne a ƙarƙashin tayar ko tsakuwa. Taka birkin yana da wata fa'ida kuma: idan danja na da wuta za ta kama, wanda ke bayanka ya san ka rage gudu.

A daidai wannan lokacin babban yatsanka ya yi aiki guda: danna makunnin da ke sauya dim da ful. Ƙwan fitilar gaba yana da zare biyu a ciki, ɗaya na dim ɗaya na ful, kuma ba kasafai suke tsinkewa tare ba. Sau da yawa wannan dannawar kaɗai ta isa ta dawo maka da hanya. Ina so ka koya wa yatsanka wannan tun da rana, ka riƙa yi har ya zama ba sai ka yi tunani ba, domin a cikin duhu babu lokacin laluben makunni. Idan makunnin fitilar babur ɗinka yana kan ƙoƙon fitila ne, kamar yadda yake a yawancin baburan Ingila na da, kada ka saki hannu ka miƙa gare shi sai gudu ya ragu sosai.

Ka sauka daga kan kwalta gaba ɗaya. Tsayawa a bakin layi da babur mara haske ya fi tafiyar ma haɗari, musamman a bayan kwana ko bayan tudu inda mai zuwa ba zai hango ka ba sai ya iso kanka. Idan wurin bai yi ba, tura babur ɗin gaba ko baya har ka sami fili. Kunna fitilar waya ko tocila ka ajiye ta tana fuskantar masu zuwa daga baya, ka tsaya ta gefen daji, babur ɗin yana tsakaninka da hanya.

Kafin ka kashe injin, ka tsaya ka duba. Wannan shi ne babban abin da nake so ka tafi da shi daga amsar nan. Yawancin mutane suna kai hannu kan ƙwai nan take, alhali babur ɗin yana nuna musu inda ciwon yake ta hanyar abubuwan da suka rage suna aiki. Danja na ci? Hon na kuka da ƙarfinsa, ko ya shaƙe? Ƙaramar fitilar mita fa? Ɗan ƙaramin ƙwan da ke cikin ƙoƙon fitila, wanda ake kunnawa in an faka, yana kamawa? Idan ka murɗa totur haske na ƙaruwa a sauran ƙwayayen? Amsoshin waɗannan tambayoyi suna rage maka wurin nema daga babur guda zuwa waya ɗaya ko biyu.

Idan dim ya mutu amma ful na kamawa, ko akasin haka, to zare ɗaya ne ya tsinke, ko kuma makunnin dim da ful ya yi datti a gefe ɗaya. Wannan shi ne mafi sauƙi. Idan duka biyun sun mutu amma danja da hon lafiya lau, ka daina zargin batir da fiyus, matsalar tana tsakanin makunni da ƙoƙon fitila, kuma a mafi yawan lokuta wayar at ce, wato hanyar da wuta ke bi ta koma batir, tunda zare biyun nan suna tarayya a kanta. Idan komai ya mutu lokaci guda, fiyus ne, ko kan batir ya kwance, ko babbar wayar da ta fito daga batir ta tsinke. Idan kuwa fitilar ta yi ta dusashewa ne a hankali tana yin ja kafin ta mutu, hon ma ya koma gurnani, to caji ne ya tsaya tun da daɗewa, ka yi ta tafiya a kan batir har ya ƙare. Akwai kuma ta biyar, wadda nake kyautata zaton ita ce taka: fitilar ta yi wani irin fari fat mai ƙarfi na ɗan lokaci, sannan ta ɗauke, kuma in ka duba sai ka tarar danja ma ta bi ta. Wannan alamar wuta ce ta yi yawa.

Idan babur ɗinka yana da mitar amfiya a kan ƙoƙon fitila, kamar baburan BSA da Triumph da Norton na wancan zamani, to kana da mataimaki babba. Kunna makunnin fitila kana kallon allurar. Idan ba ta motsa ba ko kaɗan, wuta ba ta tafiya, wani wuri ya yanke. Idan ta faɗi can ƙarshen ɓangaren ragi da ƙarfi, waya ta goge ta taɓa ƙarfe, kashe maza kafin roba ta fara narkewa. Idan kuma injin na gudu da kyau amma allurar ta ƙi tsallakawa ɓangaren ƙari, caji ne babu.

Yanzu bari in daɗe a kan wutar da ke yin yawa, domin ka ce sabon ƙwai ma bai yi ƙarko ba, kuma ƙwai biyu a jere ba sa mutuwa haka kawai.

Tsofaffin babura ba tsarin wuta ɗaya gare su ba. Akwai masu dainamo, irin su baburan Ingila na shekarun 1940 da 1950 masu dainamon kamfanin Lucas, da BMW na kafin 1969, da Jawa. Dainamo, wato ɗan janaretan da injin ke juyawa, na ba da wuta ta hanyar regileta, mai daidaita yawan wutar, zuwa batir, fitila kuma tana sha daga batir. Akwai masu altaneta, wani irin janareta mai ba da wuta mai kai-da-komo wadda ake kira AC, da rektifaya, wadda ke mayar da wutar irin wadda batir ke karɓa. Sannan akwai ƙananan babura, irin su Honda Super Cub da ta fito a 1958 da 'yan'uwanta na Yamaha da Suzuki, da kuma Vespa, waɗanda fitilar gabansu ke shan wuta kai tsaye daga kwayil, wato naɗin waya, da ke cikin maganeto, abin da ke samar da wuta idan injin na juyawa, ba ta bi ta batir. Alamar wannan rukuni na uku a bayyane take: fitila ba ta kamawa sai injin na aiki, kuma haskenta na hawa da sauka tare da totur.

A rukuni na uku, da kuma masu altaneta na bolt 6 da aka ƙera kafin a fara sa regileta na zamani, babu wani abu na musamman da ke tsare yawan wuta. Masu ƙira sun auna abin da kwayil ke bayarwa ya yi daidai da abin da ƙwayaye da batir za su shanye, shi ke nan. Kamar mutum uku ne ke ɗauke da gungume: muddin kowa na riƙe da nasa gefen lafiya, amma in ɗaya ya saki, nauyin duka ya koma kan sauran biyun, su ma ba za su jima ba. Idan ƙwan gaba ya tsinke kana cikin gudu, wutar da yake sha sai ta afka wa danja da fitilar mita, su ƙone cikin daƙiƙoƙi. Idan makunnin dim da ful ya tsufa har yana da wani gurbi a tsakiya inda babu ɗayan da ke haɗe, a duk sauyi sai danja ta sha wannan dukan. Idan kuwa batir ya bushe, ko kansa ya kwance, ko fiyus ɗinsa ya yanke, to babban mai shanye rarar wutar ya fita daga tsarin, ƙwan gaba ne zai biya. Saboda haka duk wanda ya ce min ƙwayayensa na yawan ƙonewa a babur mai bolt 6, batir nake fara tambayarsa: akwai ruwa a ciki har ya rufe farantan? Kawunan a ɗaure suke tam, babu farin gari ko kore a kansu? Batir ɗin da ya mutu a ciki yana iya nuna bolt 6 a mitar auna wuta alhali ba ya karɓar caji, kuma a wajen tsare wuta shi da babu duk ɗaya.

Daga tsakiyar shekarun 1960 baburan Ingila suka koma bolt 12, aka sa musu wani ɗan ƙarfe da ake kira zina dayod, wanda galibi za ka gan shi a ɗaure kan wani faranti mai haƙarƙari a ƙasan fitila inda iska ke bugunsa. Aikinsa ya zubar da rarar wuta ta zama zafi. Idan ya lalace ta hanyar yankewa, ko wayarsa ta zare, ko mazauninsa ya yi tsatsa, wuta za ta hau, batir ya tafasa, ƙwayaye su yi ta mutuwa. Idan ya lalace ta hanyar haɗewa, fiyus ne zai yi ta yankewa. A masu dainamo kuma regileta ce ke wannan laifin idan ta kauce daga saitinta.

Ƙwan fitila ba ya haƙuri da ƙarin wuta ko kaɗan. Ƙarin kashi 5 cikin 100 a kan abin da aka ƙera shi a kai yana rage tsawon rayuwarsa da kusan rabi. Gwajin ba wuya: sa mita a kan batir, ka tayar da injin, ka ɗaga totur zuwa matsakaicin gudu da fitila a kunne. Tsarin bolt 6 ya kamata ya tsaya wajen 7 ko ɗan sama kaɗan, na bolt 12 kuma tsakanin 13.8 da 14.5. Idan ka ga na 6 yana wuce 8, ko na 12 yana haura 15 yana ci gaba da hawa, ka samo mai kashe maka ƙwai. A babur mai fitila kai tsaye daga maganeto, sai ka juya mita zuwa ma'aunin AC ka auna a bakin ƙwan kansa.

Mataccen ƙwan ma yana da labari, kada ka yar da shi sai ka haska shi ka duba. Idan gilashin garau yake, zaren ya tsinke a wuri ɗaya yana lilo, girgiza ce ta karya shi, ka duba ko ƙoƙon fitila ya saki ko robobin da ke riƙe da shi sun ƙeƙashe. Idan ƙarshen zaren ya narke ya dunƙule kamar ɗigo, gilashin ya yi duhu mai sheƙi, wuta ce ta yi yawa. Idan cikin gilashin ya yi fari kamar an hura hayaƙi, iska ce ta shiga ta wani tsagu, sau da yawa saboda ruwa ya taɓa shi yana da zafi. Juya gindinsa kuma. A ƙwayaye irin na baburan Ingila akwai ɗigon dalma biyu a gindi inda tsinkayen mazauni ke dannawa. Girgizar shekaru tana lotsa su su yi rami, sai haɗuwar ta riƙa yankewa tana dawowa, kuma wannan yankewa da dawowa ita ma tana cin zare. Goge su, ka ɗan ja sifirin ɗin mazaunin ya ƙara ƙarfi.

Mu koma bakin hanya. A ce ka gano duka zare biyu ba sa kamawa, sauran wuta kuwa lafiya. Juya kan babur ɗin dama da hagu har ƙarshe da makunni a kunne. Idan fitilar ta ƙyafta a wani wuri, waya ce ta karye a cikin robarta a daidai wuyan babur, inda take lanƙwasuwa a kowace kwana tun ranar da aka ƙera shi. Daga waje za ka gan ta lafiya. Bi ta da yatsu kana ja a hankali, inda ta karye zai miƙe kamar roba. Idan wannan bai nuna komai ba, kwance sukurun da ke riƙe da zoben fitila, ka ciro gilashin da hannu biyu, ka haska ciki. Nemi kan waya da ya zare daga mahaɗinsa, ko wanda ya yi kore. Zare kowane mahaɗi ka mayar sau biyu ko uku, wannan gogayyar kaɗai tana cire dattin da ya hana wuta wucewa.

Sannan gwada at. Ɗauki guntun waya, ka taɓa gefe ɗaya a jikin ƙarfen mazaunin ƙwai, ɗayan kuma a jikin injin inda babu fenti. Idan fitila ta kama, ka gama bincike: ɗaure wayar nan a ƙarƙashin wani noti, ka naɗe da tef, ka kama hanya. Dalilin da ya sa wannan matsala ta yi yawa shi ne, a babura da dama wutar fitila tana komawa ne ta jikin ƙoƙo, ta bi ta ƙarafan da ke riƙe da shi, ta ratsa boris ɗin wuya mai cike da giris, kafin ta kai firam. Lokacin da babur ke sabo hakan na wucewa. Bayan shekara 50 da tsatsa, ko bayan an yi masa sabon fenti mai kauri, hanyar ta toshe. Babur da aka gyara ya yi kyau ƙwarai ya fi faɗawa wannan, saboda fenti ya shiga duk inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe a da.

A nan dole in ja kunnenka game da launin waya. Yawancin baburan Ingila daga farkon shekarun 1950 har zuwa ƙarshen shekarun 1970 kan batir mai alamar ƙari ne ke haɗe da firam, kuma jar waya a jikinsu ita ce at. Wanda ya saba da baburan zamani zai ɗauka ja ita ce mai wuta, ya haɗa a juye, ya ƙona rektifaya. A tsarin Lucas shuɗiya mai ratsin fari ita ce ful, shuɗiya mai ratsin ja ita ce dim. A Honda koriya ce at, shuɗiya ful, fara dim. A Yamaha baƙa ce at, a Suzuki baƙa mai ratsin fari, a BMW mai ruwan ƙasa. Duk da haka tsohon babur ya ratsa hannaye da yawa, don haka ka duba da idonka wane kan batir ne ke tafiya firam kafin ka taɓa komai.

Idan makunni ne ya lalace, za ka iya tsallake shi. Zare wayar dim daga mazaunin ƙwai, ka ja wata waya daga kan batir mai wuta, wato wanda ba ya haɗe da firam, kai tsaye zuwa wurin. Wayar nan lallai ta kasance da fiyus a jikinta kusa da batir, kuma ka bi da ita inda wuyan babur ba zai matse ta ba. A babur mai fitila daga maganeto ma dabarar na aiki idan kwayil ɗin fitila ne ya mutu, sai dai batir ɗinsu ƙarami ne. Ƙwai mai wat 25 a bolt 6 yana jan amfiya 4 da ɗoriya, batir mai ƙarfin amfiya 4 na awa ɗaya kuwa ba zai cika awa guda yana ba da haske mai amfani ba. Kuma ka tuna kada ka ɗaga totur sosai a wannan hali idan danja na kan layin maganeto ita kaɗai.

Fiyus da ya yanke yana da dalili. Sa wani sau ɗaya. Idan ya sake yankewa nan take, nemi inda waya ta goge: ƙarƙashin tanki, wuyan babur, bayan kujera, ko cikin madigadin baya inda wayar danja ke bi taya na watsa mata tsakuwa. Kada ka naɗe fiyus da takardar alminiyam ko ka cusa ƙusa a gurbinsa. Wayoyin nan suna bi ne ta ƙarƙashin tankin mai, kuma batir ko na bolt 6 ne yana iya mayar da waya jawur cikin daƙiƙoƙi. Wani abu da ke ruɗa mutane: tsofaffin fiyus na gilashi na Ingila da aka rubuta 35 a jikinsu, lambar tana nufin inda suke yankewa ne, abin da suke ɗauka a kullum kusan 17 ne. Idan za ka maye gurbinsu da na zamani, mai 15 ko 20 za ka nema. Ka sa mai 35 na zamani, to kusan babu kariya.

Idan caji ne ya tsaya, abin da za ka yi ya dogara da yadda filoginka ke samun wuta. Mai maganeto injinsa ba ruwansa da batir, zai yi ta tafiya ko da fitila ta mutu murus. Mai kwayil da ke sha daga batir kuwa, fitila da injin suna cin abu ɗaya, kuma duk minti da ka bar fitila a kunne kana tsaye, kana rage nisan da za ka iya kaiwa. Kashe komai yayin da kake tunani. A mai dainamo, buɗe murfin ƙarshensa ka duba gawayin nan biyu da ke gogar tagulla: wani lokaci ɗayansu ne ya maƙale a gidansa saboda datti, ko mai ya shafe tagullar. Ka motsa shi, ka goge da tsumma mai tsabta, ka tabbatar wayoyi biyun da ke fitowa daga jikinsa a zaune suke. A mai altaneta duba mahaɗan wayoyin da suka fito daga injin, sukan jiƙe da mai su saki. Abu ɗaya da ban yarda da shi ba shi ne cire kan batir injin na aiki don a gwada ko akwai caji. Wannan gwajin yana ƙona ƙwayaye da rektifaya.

Idan zaren dim ne ya tsinke kuma ba ka da wani ƙwai, yi tafiya da ful, amma ka sassauta notuna biyun da ke gefen ƙoƙon fitila, ka sunkuyar da ita ƙasa har hasken ya sauka a kan hanya kusa da kai, ka sake ɗaurewa. Direban da ka kashe wa ido yana tahowa ne wajenka ba ya gani. Wani lokaci kuma idan ka bar makunni a kunne ka ɗan ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, bakin zaren da ya tsinke yakan taɓa juna ya manne. Yana iya kai ka gida, yana iya sakewa a rami na gaba, saboda haka ka yi tafiyar wanda ya san hasken na iya ɗaukewa kowane lokaci.

To idan duk an yi fitila ta ƙi fa? Ra'ayina a nan ba shi da sassauci. Ɗan ƙaramin ƙwan fakin, da tocila da aka ɗaure a kan babur, da fitilar waya, duk suna taimakawa a gan ka ne, ba sa nuna maka rami a nisan da za ka iya tsayawa. A cikin gari mai fitilun titi, idan danja na ci, za ka iya lallaɓawa da su a hankali zuwa wuri mafi kusa mai aminci, ka kuma sani dokar hanya a kusan ko'ina ta wajabta fitilar gaba da ta baya da dare. A hanyar da babu haske kuwa, ka nemi inda za ka ajiye babur ɗin, ko ka kira a ɗauke ku. Bin bayan mota don cin haskenta dabara ce da mutane ke yi, ni kam ba na ba da ita: jikin motar na rufe maka ramin da ita za ta bi ta kansa ta tsallake, mai fitowa daga wata hanya yana ganin mota ɗaya ne ya shigo da zarar ta wuce, kuma in ta taka birki ba ka da tazara. Idan danja ma babu, maganar tafiya ba ta taso ba.

Gyara na gaskiya da rana ake yin sa, kuma ga abin da zan yi da a ce babur ɗin a gabana yake. Zan fara da batir da gwajin caji da na bayyana. Daga nan zan ja sabuwar wayar at mai kauri daga mazaunin ƙwai har zuwa batir ko firam, ta tsallake wuya gaba ɗaya, in yi wa danja ma haka. Sai in auna asarar wuta da fitila a kunne: tsinken mita ɗaya a kan batir mai wuta, ɗayan a bakin ƙwai, sannan haka a ɓangaren at. Dole fitila ta kasance a kunne, domin waya da ta rage silli ɗaya tak za ta nuna cikakken bolt idan ba a jan komai ta cikinta. Tsarin bolt 6 ya fi jin wannan asara, saboda ƙwai mai wat 30 yana jan amfiya 5 a bolt 6, alhali a bolt 12 amfiya 2.5 kawai zai ja. Rabin bolt da ya salwanta a makunni da mahaɗai yana cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na haskenka. Makunnai a buɗe su a wanke tagullarsu, mahaɗan da suka yi kore a yanke a sa sababbi. Sa rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa wanda ke ɗaukar wutar fitila a madadin na hannu, a cikin ƙoƙon fitila yana sauke wa tsohon makunni nauyi, kuma ba ya canza kamannin babur daga waje.

Game da ƙara ƙarfin ƙwai, yi lissafi tukuna. Dainamon Lucas samfurin E3L wat 60 yake bayarwa gaba ɗaya, daga ciki fitila da danja da cajin batir za su ci. Ƙwan H4 na zamani shi kaɗai wat 60 ne a ful, 55 a dim, saboda haka ko an mayar da tsarin bolt 12 sai an yi hattara. Akwai ƙwayayen halojin na bolt 6 masu wat 25 ko 35 da ke shiga tsohon mazauni, suna ba da haske fiye da na da ba tare da ƙarin ci ba, sai dai kada ka taɓa gilashinsu da yatsa, maiƙon hannu na sa su fashe da wuri. Ƙwan LED yana rage ci sosai, kuma a mai dainamo da regileta mai kyau yana da amfani. Amma ka tabbatar ya dace da tsarin da kan ƙari ke firam in naka haka yake, kuma kada ka sa shi a babur da ba shi da regileta sai ka fara sa masa ita, domin ƙarancin cinsa na nufin rarar wuta ta ƙaru a kan batir da sauran ƙwayaye. Bayan ka sa, haska bango daga nesa ka ga ko dim na da iyaka a sama, wasu LED ɗin suna watsa haske ko'ina a tsohon madubin fitila. Madubin kansa in ya dushe, kada ka goge shi da ƙarfi, rufinsa siriri ne yana tafiya da tsumma.

A ƙarƙashin kujera ko cikin akwatin kayan aiki ka ajiye ƙwan gaba da na danja a naɗe cikin tsumma, waɗanda ka riga ka gwada su a jikin babur ɗin, da fiyus biyu ko uku, da waya mai tsawon kamar mita biyu mai fiyus a jiki, da tef, da sukudireban da ya dace da sukurun zoben fitilarka, da ƙaramar filaya, da tocilar goshi domin hannayenka biyu su sami aiki. Irin ƙwayayen bolt 6 masu tsohon gindi ba a samunsu a kowane shago, shi ya sa naka ya kamata ya kasance tare da kai. Ka kuma buɗe ƙoƙon fitilar sau ɗaya a gida da rana, ka ga yadda ƙwan ke fita da yadda wayoyin ke zaune, ka ɗauki hotonsu a waya. Amma kafin ka sa ƙwai na uku, auna batir ɗin da injin na gudu. Idan mita ta haura bolt 8, ka gyara batir ko regileta tukuna, in ba haka ba shi ma zai bi sahun biyun farko.